Auta, ki zauna ɗakinki

Assalamu alaikum Auta. Ya ibada, ya zafi, ya kuma nauyin jiki? Ina fata kuna lafiya ke da mai gidan da Hajiya mahaifiyarshi. Nan Katsina sai godiya, ga azumin nan na 2020 ya same mu cikin kullen korona, Babanku na gaishe ki. Na ce bari in rubuto maki da tsawo tunda in na kira ki ba ki bari in kai aya sai ki sa mani kuka, ga netwok ɗin nan da ke yanke magana a tsakiya. Ki karanta a natse, in kin gama ki miƙa ma mai gidanki shi ma ya karanta don rabin maganar tashi ce.

Yayarki ta faɗa mani abin da kuka tattauna, wai akwai 'yan acaɓa da ke bi da mutane ta cikin gonaki su zagaye shingen jami'an tsaro su fito da su titi can gaba, kina so ki biyo su ki taho gida. Auta ban yarda ba, Babanku ma bai yarda ba. Na san haihuwar fari gaban iyaye ake zuwa, ni ma na so hakan har ɗakin na sa an gyara, amma bana Allah bai nufa ba. Daura da kike an rufe ta saboda korona tun 11 ga Afrilun 2020, mu nan aka rufe mu ranar 21, to daga wani kulle za ki fito ki shigo wani, tafiyar kusan kilomita 80, rabi kan mashin cikin rairayi da ramuka, a wannan halin da kike ciki, cikin wannan rana? In abu ya tashi a hanya wa zai karɓe ki? Kuma ko lafiya lau kika iso ba ki san abin da kika ɗebo ba, cutar nan tana iya kai kwana 14 a jikin mutum kafin ta nuna, wani ma har ya gama raba ma mutane bai yi tari ko ɗaya ba, ga Babanku da ciwon suga, irin su da masu hawan jini da tsofaffi su ta fi kayarwa. Manzon Allah (SAW) ya ce in kun ji annoba a wata ƙasa kar ku shige ta, in kuma ta sauka kuna ciki kar ku fita don gudunta, hadisin na cikin Bukhari da Muslim. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham da manyan sahabbai, da labarin annoba ya riske su juyawa suka yi Madina. Ai ba mu kai su tawakkali ba.

Na san a unguwarku akwai masu cewa babu wata korona, nan ma gamu da su, wasu su ce ciwon masu hawa jirgi ne wasu su ce zafin garin nan ba zai bar ta ta yi rai ba. Toh Saudiyya sanyi gare ta? Tun ƙarshen Fabrairu suka tsaida Umra, kin dai ga Harami a talabijin yadda ake asham ba jama'a. Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Buhari, da duk gatanshi ita ta yi ajalinshi ranar 17 ga Afrilu, kin kuma ji irin jana'izar da ake ta yi a Kano har Buhari a jawabinshi na ranar 27 ya ce a rufe ta sati biyu. Kar ki tsaya musu da kowa, wanda ya ce maki babu ki ce Allah ya sa, ki je ki wanke hannunki.

Ni wallahi kunyarki nake ji ma tsoro fiye da kasuwa. Na san ki, ba ki iya ce ma mutum a'a. An sha ruwa maƙwabta za su fara sallama, a zo duba mai nauyi, wata ta wuce har ƙuryar ɗaki ta zauna bakin gadonki ana fira tana tari tana cewa ai murar fanka ce, ta ɗauki kofinki ta sha, ke kuma kina murmushi kina a'a ba komi. Yara su yi ta sintiri, wai in ji Mama a sam mata gishiri, wai a ba ta aron taɓarya, wai a sa mata waya caji. Duk dokar da gwamnati ta sa a titi take tsayawa, ta zaure da ta katanga ba mai tsare ta sai ke. Ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, wadda ta shigo nan za ta zauna, ke kina kan kujerarki daga bakin ƙofa, tsakaninku kamar taku uku, mita 2 ake cewa. Kofin baƙi daban. Ba musabaha ba runguma. Abin aro ki ajiye a zaure yaro ya ɗauka, in ya dawo ki wanke da omo kafin ya shiga kicin. In kin ga fuska ta canza ki ɗora laifin a kaina, ki ce Mamana ce ta yi mani rantsuwa, ni zan iya ɗaukar zagin, daga Daura ba zai iso ni ba. Amma fa ki yi da sakin fuska, ki riƙa aika masu da kunu da ƙosai ta hannun yaro ɗaya, mutanen nan su za ki nema da tsakar dare in ta kama.

Hajiya kuma kar ki kuskura ki yi mata wa'azi, ba hurumin suruka ba ne. Ki bar ɗanta ya lallaɓa ta, ita ma da hawan jininta bai kamata tana fita gaisuwa gida gida ba, ta'aziyya a waya ma ta isar a wannan lokacin. Ke dai ki ci gaba da kai mata abin buɗa baki da hannunki a wanke, ki durƙusa ki gaishe ta daga ɗan nesa.

Sai maganar cefane, wannan ta mai gidan ce. Mutum ɗaya ne zai riƙa fita kuma shi ne, ba ke ba, ba yaran maƙwabta ba. Mu nan almajirin da ke mana aike malaminsu ya sallame su tun da gwamnonin arewa suka fara maida almajirai garuruwansu, yanzun yayanku ne ke kawo mana kaya ya ajiye a zaure mu gaisa daga nesa ya juya. Ku zauna da dare ki faɗa yana rubutawa a takarda, har ashana har magi, don kar ya dawo ki ce au na manta kanwa ya sake fita, wannan au na manta ɗin ita ke maida fita ɗaya ta zama biyar. Duk sanda aka ba da damar fita ko ya ji shagon da aka yarje ma buɗewa, ya yi sammako kafin a cika, kar ya shiga turmutsitsi don ragin naira ashirin, kar ya tsaya majalisa a hanyar dawowa, na san halin maza. In da hali ya taka da ƙafa ko ya hau mashin ɗinshi, Keke Napep ɗin da aka cusa mutum biyar ya bar shi ya wuce.

Ku sayi abin da ke ajiyuwa. Gero da masara da wake ko tiya bibbiyu ce gwargwadon aljihu, shinkafa kam tun da aka rufe boda a watan Agustan 2019 ta fi ƙarfin talaka, kuna nan kusa da Kwangwalam kun fi mu sani, kar ku matsa ma kanku a kanta. Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa, tsamiya, man ja da man gyaɗa. Kayan miya in ya samo da yawa ki kasa biyu, rabi ki yanyanka ki baza a tire ki kai rana, da zafin nan kwana kaɗan sun zama kauɗa, rabin kuma a markaɗa ki tafasa har ruwan ya ƙone ƙurmus ya yi kauri, ki zuba a roba mai murfi ki malala mai a samanshi, kullum ki ɗan ɗumama, kar ki dogara da firij don kin san halin wutar NEPA. Albasa a baza ta a ƙasa inda ba rana, kar a bar ta a leda. Wake ki jefa mashi busasshen barkono ki rufe gam saboda ƙwari. Niƙa kuma a yi mai yawa sau ɗaya, na tuwo daban na kunu daban, layin inji ɗin nan da yara ke cakuɗuwa kan robobi ni ya fi tsaya mani a rai, ya kai da sassafe ya ajiye ya koma ya ɗauko. Gas ko gawayi kar ku bari sai ya ƙare tukunna.

In ya dawo kar ya wuce ciki kai tsaye. Ki aje buta da sabulu a zaure, ko irin bokitin nan mai famfo in kun samu, ya wanke hannu da kumfa sosai har tsakanin yatsu da bayan hannu da ƙarƙashin farce, sakan 20 aƙalla, ba irin tsoma hannun da ake yi a kwano ɗaya kafin cin tuwo ba. Ya cire rigar ya rataye a igiya a rana sannan ya shigo. Sanitaiza ta aljihu ce don in ya taɓa POS ko ATM, kuma sai mai sinadarin alkohol kashi 60 cikin 100 zuwa sama ke aiki, in tsada ta yi ku rabu da ita, sabulun wanki na ɗari ma ya wadatar. Canji ki samu gwangwani ki riƙa zubawa, ki daina sa kuɗi a baki in hannunki da kaya, ki daina lasar yatsa kina ƙirga. Mai ruwa in ya turo kura ya juye a randar waje ko duro ya tafi, ba sai ya shiga kicin ba, kuma ki biya shi da daɗi don su ma kullen nan ya taɓa su. Salak da kabeji da zogale ruwa mai yawa da ɗan gishiri ya isa, na ji wata na cewa da omo take wankewa, kar ki soma.

Takunkumi ki ɗinka da kanki tunda kekenki na nan, ƙyallen atamfa mai kauri ninki biyu ko uku, ki yi mashi kamar huɗu ke ma haka, wanda aka fita da shi a wanke a shanya a goge. Ya rufe hanci da baki, ba a saukar da shi haɓa in za a yi magana, lokacin maganar ne ma ake buƙatarshi. Daga 4 ga Mayun 2020 dai an ce dole ne a sa shi a bainar jama'a, ga dokar hana fita daga 8 na dare zuwa 6 na safe, ga hana tafiya daga jiha zuwa jiha.

Fita ɗaya ce ban hana ki ba, awo. Kar ki ce tsoron asibiti zai sa ki fasa, ki sa takunkuminki ki riƙe katinki a hannu ki nuna ma jami'an da ke hanya, ki zauna nesa da mutane, a gwada jininki a duba kwanciyar yaro. Maganin ƙarin jini da suka ba ki ki riƙa sha. Azumi in ya gagare ki ko nas ta ce ki aje to ki aje, Allah ya yi maki rangwame, ba gwaninta ba ce. In kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko fuska da hannu sun kumbura, ko ido na maki dishi dishi, ko kin ji motsi ya ragu, ba jiran safiya, a tafi asibiti ko ƙarfe nawa ne. Tun yanzun ki haɗa jaka, zannuwa, kayan jariri, audugar mata, sabulu, katin awo a sama, ki aje ta bayan ƙofa. Mai gidan ya nemi mai mota ko mai Napep ɗaya a unguwa da suka saba ya karɓi lambarshi su yi magana tun yau, kar sai dare ya raba a fara buga ƙofofi.

Kuma dan Allah duk abin da aka turo a WhatsApp wai maganin korona kar ki sha. Citta da tafarnuwa da lemun tsami a shayi ba laifi amma ba su kashe ta. Kulorokwin da mutane suka yi ta wawaso bayan Trump ya ambace shi, a Legas sai da aka kwantar da wasu asibiti saboda sun sha ya yi masu yawa, balle ke da ba ke kaɗai ba ce. In ɗayanku ya ji zazzaɓi da busasshen tari ko numfashi na sarƙewa ko ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano, ya ware ɗaki guda da kofinshi da butarshi a kira lambobin da ake sanarwa a rediyo, ba abin kunya ba ne kuma yawancin masu kamuwa suna warkewa. Labari ki tsaya kan na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, da BBC Hausa, sau ɗaya a yini ya ishe ki, ki bar bin adadin nan kowane dare yana hana ki barci. Tafsiri ga shi nan a rediyo, asham ku yi abinku a gida shi ya ja ku.

In Allah ya sauke ki lafiya kafin a buɗe hanya, suna ba taro, a raɗa a yanka rago a raba nama gida gida shikenan, 'yan barka su yi a waya. Na yi magana da Hajiya ta ce ita za ta tsaya kan wankan, na kuma roƙe ta kar ruwan ya cika zafi kuma a sassauta kunun kanwa don likitoci sun ce yawanshi na taɓa zuciyar mai jego. Yaji da daddawar da na daka maki suna nan na ƙulle, da an saki hanya ni da kaina zan kawo, in ma arba'in ta wuce sai ki biyo ni ki huta.

Yayanku ya tura kuɗi a asusun mai gidan jiya, ba yawa, a ƙara a cefane a cika gas, ki ce mashi kar ya ce zai maido don Babanku zai ji ba daɗi. Na sa maki kati kuma. Ki kira ni gobe bayan asham ki karanto mani abin da kika sa a jakar in ji ko akwai saura. Ki gaida Hajiya da kyau, ki gaida mai gidan.

Mamanku, daga Ƙofar Ƙaura.