Littafin CCNP shi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya ƙoƙari. Na karanta rubutun da kuka buga kwanakin baya kan matasa su nemi satifiket a fannin netwok, wato harkar haɗa kwamfutoci da rawuta da suwic su riƙa magana da juna, kuma gaskiya na ji daɗi don ba kasafai ake taɓo mana wannan fannin da Hausa ba. Sai dai akwai wajen da marubucin ya wuce da gudu, inda ya ce mutum ya samu littafin shirin jarrabawa mai kyau ya karanta shikenan. Toh a nan ne na ce bari in sa baki, don ni wannan "shikenan" ɗin ta ci min kusan shekara guda.

A ƙarshen 2019 na gama CCNA, wato satifiket ɗin netwok na masu farawa da Cisco, kamfanin da ke ƙera rawuta da suwic, ke bayarwa, zuciya ta kumbura, na ce sai CCNP, matakin da ke gaba da shi. Wani abokin aikina ya ɗauko littattafai uku manya-manya ya ba ni kyauta, na jarrabawa ukun da ake yi a lokacin, ROUTE 300-101 da SWITCH 300-115 da TSHOOT 300-135, ni kuma ko shekarar da aka buga su ban duba ba na rungume na kama karatu dare da rana, ina ja layi da jan biro ina rubutu a gefen shafi. Ashe tun watanni kafin nan Cisco ta sanar za ta sauya tsarin gaba ɗaya, kuma ranar 24 ga Fabrairu 2020 sabon tsari ya fara aiki, waɗancan ukun aka yi musu ritaya. Ni ina tsakiyar littafi na biyu na ji labari. Ba laifin kowa ba ne, nawa ne, sanarwa tana nan a shafinsu ban leƙa ba.

Sabon tsarin jarrabawa biyu ce. Akwai ta tushe, ENCOR 350-401, minti 120, sannan ka zaɓi ɗaya ta ƙwarewa, mafi yawan masu son rawutin suna ɗaukar ENARSI 300-410. Ba a ma buƙatar sai kana da CCNA kafin ka zauna, kuma ita ENCOR ɗin ita ce dai ƙofar shiga lab, wato jarrabawar aiki da hannu, ta CCIE Enterprise, matakin da ke sama da CCNP. Wani zai ce ai OSPF, wato tsarin da rawutoci ke sanar da juna hanyoyi a cikin netwok, OSPF ne ko a tsohon littafi ko a sabo, kuma da gaskiyarsa, abin da na karanta bai tafi a banza ba. Amma lokacin da aka fito da ENCOR kashi 15 cikin ɗari nata otomeshan ne, wato sarrafa na'urori da manhaja maimakon hannu, Python da JSON da REST API da YANG, kashi 20 tsaro, ga SD-WAN ga SD-Access, mafi yawansu abubuwan da littattafaina uku ko sunansu ba su ambata ba. Na shiga ENCOR na faɗi. Takardar sakamako tana nuna maka kashi nawa ka ci a kowane sashe, na ga na yi kyau a ɓangaren rawutin da suwicin, otomeshan kuwa abin kunya, ko a nan ba zan faɗi lambar ba.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni wane littafi zan saya, nakan ce masa dakata tukuna, ka buɗe jerin batutuwan jarrabawar? Kamfanin yana saka shi kyauta a shafinsa, shafuka kaɗan ne, kuma yana da lambar sabuntawa, 1.0 ko 1.1 da sauransu. Ka sauke shi ka ɗora kusa da jadawalin littafin ka bi layi-layi. In littafin bai rubuta lambar jarrabawa da lambar sabuntawar a bangonsa ba, ko abin da ya rubuta ya saɓa da na shafin, ka san akwai ramin da za ka cike da kanka. Kuma ka lura da kalmar da suka fara kowane layi da ita, wani wajen cewa suke ka yi bayani, wani wajen ka saita, wani wajen ka gano matsala ka gyara. Na bayani karatu ya isa. Sauran biyun kuwa wlh ko ka haddace littafin daga bango zuwa bango in hannunka bai taɓa ba, ba ka iya ba.

Bari in ba da misali da abin da ya same ni. Na haɗa rawuta biyu a EVE-NG, manhajar da ke kwaikwayon na'urorin netwok, a kan tsohuwar laftof ɗina mai RAM 8GB wadda in na kunna na'ura ta biyar fanka take fara kuka kamar za ta tashi sama. Na saita OSPF, eriya ɗaya, sabnet ɗaya, hello sakan 10 dead sakan 40 duka ɓangarorin, ping, wato gwajin ko suna jin juna, yana tafiya lafiya lau. Na buga show ip ospf neighbor, maƙwabci, wato ɗayar rawutar, ya maƙale a matakin EXSTART ya ƙi kaiwa FULL, inda haɗin ke kammala. Na goge na sake, na kashe na kunna, na zargi manhajar, na zargi laftof, dare biyu ina abu ɗaya. A dare na biyun ne na kunna debug na ga rawuta tana ƙorafi kan MTU, wato iyakar girman ƙunshin saƙon da layi ke ɗauka, ashe a wani gwaji na baya na rage na gefe ɗaya zuwa 1400 na manta, ɗayan yana 1500. Na gyara layi ɗaya, cikin daƙiƙu sai ga FULL. Abin haushin, da na koma littafin sai na tarar da maganar tana nan, jimla ɗaya tal, har na ja mata layi da jan biro da hannuna watanni uku kafin nan. Na karanta ta, amma ban san ta ba sai a daren nan.

Kuma yanzu ba wanda zai ce ba shi da kayan aiki. Da can sai ka tara tsofaffin rawutoci a ɗaki suna zafi suna shan wuta, yanzu ga GNS3 ga EVE-NG ga Cisco Modeling Labs. Packet Tracer yana da kyau a matakin CCNA, amma a CCNP zai fara ce maka bai san wannan umarnin ba, musamman in ka shiga BGP sosai, wato tsarin da manyan netwok ke sanar da juna hanyoyi a intanet.

Sai maganar da na fi so a buga, Malam Edita, ko da za a yanke sauran wasiƙar. Damps. Wato tambayoyin jarrabawa da wasu ke satowa su haɗa da amsoshi suna yawo da su a guruf-guruf, har wasu su lulluɓe su da sunan "jagoran karatu" don su yi kama da littafi. Na farko dai duk mai zama jarrabawar sai ya amince da yarjejeniyar ba zai fitar da tambayoyi ba, kuma wanda aka kama da maguɗi ana iya soke masa satifiket a hana shi sake zama. Na biyu amsoshin cikinsu da yawa kuskure ne, wani ne ya yi hasashe kowa ya kwafa. Amma wannan duk ba shi ya fi damuna ba.

An taɓa sa ni cikin masu yi wa sababbin ma'aikata intabiyu a wani wajen da na yi aiki. Wani matashi ya zo da CCNP sabo fil, takardu tsaf-tsaf, magana daɗi. Na juya masa allon laftof na nuna masa sakamakon show ip bgp summary, maƙwabci ɗaya an rubuta Active a gabansa, na ce ɗan'uwa me ka gani? Ya yi murmushi ya ce ai lafiya lau, yana aiki. Duk wanda ya taɓa haɗa BGP sau ɗaya da hannunsa ya san Active a nan ba alheri ba ne, rawuta ce ke ta ƙoƙarin ƙulla TCP a fot 179 abin ya ƙi, in da ya haɗu lamba za ka gani a wajen, adadin hanyoyin da ta karɓa. Na tambaye shi a ina za ka fara dubawa, ya yi shiru yana kallon silin. Tausayi ya ba ni ba haushi ba, don ya kashe kuɗinsa da lokacinsa ya sayi takardar da ta kai shi kujerar da ba zai iya zama a kai ba.

Kuma kar a ɗauka BGP wasan yara ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace daga intanet kusan awa shida, bayan wani kuskure wajen aikin gyara ya sa hanyoyinsu na BGP suka janye, duniya ta rasa ta inda za ta same su. Irin wannan ranar ba zaɓi huɗu za a ba ka ka canki ɗaya ba.

Masu hangen CCIE su ma su sani, tun 1993 ake yin ta kuma har yau lab ce ke tace mutane, awa takwas a zaune, a tsarin da aka kawo a 2020 uku na tsara netwok biyar na haɗawa da gudanarwa da gyara. Babu littafi ɗaya da ya ɗauke ta. Mutum sai ya saba da karanta takardun kamfanin kansu, wani lokacin har ya koma RFC, takardun da ke ɗauke da ƙa'idojin intanet, kamar 2328 na OSPF ko 4271 na BGP, masu bushewa kamar me amma a can asalin maganar take. Kamfanonin Juniper da JNCIE ɗinsu da Huawei da HCIE duk haka suke, sai an gan ka a lab. Bidiyo kuma ina kallo, ba na kushe shi, sai dai yana da yaudara, malami yana bugawa komai yana tafiya sumul kai kana gyaɗa kai kana jin kamar kai ka yi.

Sannan satifiket ɗin shekara uku yake yi ya mutu in ba ka sabunta ba, ko da sake jarrabawa ko da tara makin ƙarin karatu, to ka ga littafin da ka saya bana ba lallai ya kai ka zagaye na gaba ba.

Roƙona gare ku shi ne in za ku sake taɓo wannan batu, ko wani ya kawo muku tallan kwas ko littafi, dan Allah ku tambaye shi lambar jarrabawar da yake koyarwa da awa nawa ɗalibi zai yi a lab, ku buga amsar tare da tallan. Ni dai na ci ENCOR a zama na biyu, yanzu ina kan ENARSI, kuma yau kwana uku ke nan ina fama da wani luf, wato saƙo na ta zagaye bai isa ba, da na jawo wa kaina wajen juye hanyoyi tsakanin EIGRP, wani tsarin rawutin ɗin, da OSPF, littafin yana gefe a buɗe a daidai babin, har yanzu ban gano inda na manta tag, alamar da ake sa wa hanya don kar ta dawo, ba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani injiniyan netwok mai karanta jaridarku