Bukul ɗina ya cinye sunan Inna a adashi

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya zafi. Daga Garwa nake rubuto maka, wata uku kenan ina koyon Python, wato yaren rubuta wa kwamfuta umarni, a wata tsohuwar kwamfuta da yayana ya bar min.

Innarmu ce uwar adashi a layinmu, mata 10, kowacce sefa 2000 duk Juma'a, sai na ce bari in burge ta in sa kwamfuta ta jero sunayen. Na yi bukul, wato abin nan mai maimaita aiki, haka malamai ke ce masa a nan saboda Faransanci muke karatu da shi. Na rubuta range(1, 10), umarnin da ke ba bukul lambobin da zai bi, na danna, suna 9 suka fito. Na ƙirga da yatsa har sau uku, wallahi 9 ne, kuma wadda ta ɓata Inna ce da kanta, tana tsaye a kaina ta ce to ni ka kore ni kenan?

Ashe Python daga 0 yake fara ƙirga jeri, Inna ita ce 0, ni kuma na fara daga 1. Sannan range ba ya taɓa lambar ƙarshe, a 9 yake tsayawa. Ban gane ba lokacin, na maida shi 11 kawai, sai ga jan rubutu IndexError, wai ina neman matar da babu ita. Haushi ya sa na koma while, wani irin bukul ɗin daban, nan kuma na manta in ƙara wa i, wato lambar da ke ƙirga zagaye, ɗaya, suna ɗaya ya dinga zubowa ba tsayawa, fanka tana ihu kwamfuta ta ɗau zafi kamar kaskon ƙosai, sai da wani abokina ya ce danna Ctrl da C ya tsaya.

Abin da ya fishe ni ba bidiyon YouTube ba ne, takarda ce da biro. Na rage sunayen zuwa 3, na sa print, umarnin nuna abu a allo, cikin bukul ɗin ya nuna min i kowane zagaye, ina bi ina rubutawa, 0, 1, 2, nan take na ga inda nake tuntuɓe.

Don Allah Malam Edita ku ba mu ko rabin shafi ne a mako ana bayanin irin wannan da Hausa, mu nan Faransanci a aji, Turanci a allo, kai ya rasa da wanne zai yi tunani. Inna dai ta ce littafinta ya ishe ta.

Naka,
Ɗan koyo daga Yelwa, Garwa