Kafin a tafi yawon hutu da yaro mai galahanga

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in ja hankalin iyaye kan zaɓen wurin da za a kai yara hutu, idan a cikinsu akwai mai lalurar galahanga (wadda a Turance ake kira autism) ko mai tsananin ƙiriniya da ba ya iya zama wuri ɗaya. Yawancinmu sunan wuri muke bi. Abin dubawa shi ne ƙarar wurin, da tsawon jira, da ko akwai inda za a janye yaro idan abin ya ishe shi.

Mu ɗauki Hawan Daushe a Kano. Ga kakaki da tambari, ga harbin 'yan bindiga, ga ƙura, ga turmutsitsin da ba a fita cikinsa da sauri. Yaron da ƙarar injin markaɗe kaɗai ke sa shi toshe kunne, a nan zubewa zai yi yana birgima da ihu, jama'a su ce shagwaɓa ce, wasu ma su ce iska ta taɓa shi. Ko ɗaya babu, hayaniyar ce ta fi ƙarfinsa. In dawaki yake so, a kai shi inda ake ɗaure su da sassafe ya kalla a natse. Gidan tarihi na Gidan Makama da hantsin ranar aiki ya fi masa filin hawa sau goma.

Yankari ta jihar Bauchi tana da sarari da shiru, kuma ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ake wanka a cikinta, ɗuminsa bai cika wuce digiri 31 ba, dare da rana. Amma a nan haɗarin yake. Da yawan waɗannan yara ruwa na jan su, kuma sukan sulale ba tare da sun ce uffan ba. A ɗora wa babba guda, a ambaci sunansa, alhakin riƙe yaron. Da zarar an ce "ai kowa na kallonsa", to babu mai kallo. Birai kuma na fizge abinci a hannu, don haka a ci a ɗaki. Zagayen kallon dabbobi a mota ba a sauka a duk inda aka ga dama, sai a auna ko yaron zai jure zaman.

Mako guda kafin tafiya a riƙa nuna masa hotunan wurin a waya, ana faɗa masa abin da zai biyo bayan wani. A tafi da kofinsa, da bargon da ya saba, da abin toshe kunne, da abincin da yake yarda ya ci (wasu shinkafa ma sai fara, ba miya). Mai shan maganin farfaɗiya a tafi masa da guzurin maganin na ƙarin kwana biyu a kan na kwanakin tafiyar. Shatar mota ta fi zaman tasha ana jiran fasinja su cika. A masauki a nemi ɗakin da ke nesa da janareto, mai sakata a sama inda hannunsa ba ya kai.

Fita ɗaya a rana ta isa. Kowace safiya a ɗauki hotonsa da kayan da ke jikinsa, a kuma maƙala masa lambar waya a bayan riga, inda ba zai cire ba.

Wassalam.
Mai karanta jaridarku daga Kano