A Rubuta Sunayensu, Sannan a Kai Su Ina?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na saurari shirinku na daren Talata har ƙarshe, kuma wallahi raina ya ɓaci. Awa guda ana maganar masu kwana a titi, ga jami'in 'yan sanda, ga mutumin ƙungiya, amma ko mutum ɗaya da ya taɓa shimfiɗa kwali a bakin shago ba ku kira ba. Ɗaya daga cikin baƙinku ya ce za su haɗa kai da 'yan kwamitin tsaron unguwa su bi dare suna rubuta sunaye domin a taimaka. To a rubuta, sannan a kai su ina? Wannan ne ban ji ba.

Ni shayi nake sayarwa a unguwar Tudu da ke Accra, shekara 11 ke nan, daga magariba har asuba. 'Yan matan da ke dakon kaya a kasuwar Makola, yawancinsu daga arewacin Ghana, a bayan teburina suke kwana, su takwas su goma, jarirai a tsakiya. In ruwa ya sauko a tsaye suke kai asuba. Bara wasu masu kaki suka zo da littafi, da fara'arsu, suka rubuta kowa. Ni da bakina na yi tafinta, na ce wa yaran su saki jiki. Bayan sati biyu mota ta zo ƙarfe 3 na dare, aka kore su, aka kwashe har kwanonin dako. Kwanon nan fa shi ne jarin yarinya kaf. Ɗaya daga cikinsu ta yi wata guda ba ta gaishe ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Mutanen nan ba su manta rusau na unguwar Old Fadama a Yunin 2015 ba, balle yadda aka share kasuwar Agbogbloshie a 2021 aka tura 'yan albasa Adjen Kotoku. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. In da gaske ake, a fara nuna musu ɗaki mai ƙofa da famfo da bayan gida, a yi musu katin inshorar lafiya na NHIS. Liman da magajiya su shiga gaba, ɗan sanda ya biyo baya, littafin kuma ya jira.

Sannan layinku na waya. Sau shida na kira, katina na sidi 10 ya ƙare ina jin tallan maganin basir. Ku rage tallan nan don Allah.

Mai sauraronku,
Wani mai shayi, Tudu, Accra