Wasiƙa Kan Koren Jirgin Da Na Sassaƙa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin can da kake ta ba ni labari? Mu nan alhamdu lillahi, hunturu ya shigo da ƙurarsa. Hajiya na gaishe ka, kullum sai ta tambayi yaushe za ka zo ganin gida.

Ka yi ƙorafin na yi shiru wata uku, kuma gaskiyarka. Wani aiki ne ya ɗauke mini hankali, tun da na soma shi kuwa kai nake tunawa, don da kai muka yi ta ƙera motar kara da ta langa-langa a zauren gidanku. Ɗan ƙaramin jirgin sama na sassaƙa da katako, babu ko abu ɗaya a jikinsa da aka ƙera dominsa a kamfani.

Mafarin abin, ni da babban ɗana muka ci karo a waya da wani tsohon shirin talabijin na Ingila, Thunderbirds, wanda aka fara nunawa a 1965. Gerry Anderson da matarsa Sylvia suka shirya shi, kashi 32, 'yan wasan duk 'yartsana ne da ake motsawa da siraran wayoyi. Labarin wani attajiri ne da 'ya'yansa maza biyar, suna zaune a wani tsibiri, suna kai ɗauki duk inda bala'i ya auku. Yaron labari yake bi, ni kuwa idona na kan Thunderbird 2, ƙaton koren jirgin dakon kaya. Faffaɗa ne kamar kwaɗo ya yi kwanto, fukafukansa sun karkata gaba maimakon baya. Abin da ya fi burge ni, tsakiyarsa akwati ne mai cirewa. In ya sauka sai ya miƙe kan ƙafafu huɗu, ya bar akwatin a ƙasa, ƙofa ta buɗe, injin ceto ya fito.

A labarin tsawonsa ƙafa 250 ne, wajen mita 76. Na raba da 200, na sami santimita 38, daidai kan tebur. Ba ni da zanen kowa. Tsayar da hoton nake yi a waya, in auna da rula, in zana a kwali ta sama, ta gefe da ta gaba. Wannan kaɗai ya ci mini mako biyu.

Katakon obece na samo wurin wani kafinta, mara nauyi, wuƙa na shigarsa ba gardama. A nan na yi asarar farko. Sai da na gama fere gangar jikin, na goge ta da samfefa ta yi sumul, sannan na zo huda gurbin akwatin. Gefen biyu sun riga sun sirance, ina danna kurfi sai ji na yi ƙas, ya tsage daga kai har wutsiya. Wallahi daren nan ban iya cin tuwo ba. A na biyu sai na fara yanke gurbin tun katakon yana da kaurinsa, na sassaƙa akwatin daban, na zura shi ciki, na fere su tare kamar abu guda. Da haka bayansu ya daidaita, in ka shafa da yatsa da ƙyar za ka ji mahaɗin.

Sauran kuwa tsince-tsince ne irin namu na da. Bututun hayaƙi biyu na baya sirinji ne na yanke. Fukafukai da wutsiya daga murfin tsohon bokitin roba. Inda ya yi rami na cike da filar masu gyaran jikin mota.

Sai fenti. Na fesa kore sau uku a cikin ɗaki, ƙofa rufe saboda ƙura, na ja layukan rawaya, na rubuta lamba 2 da fari. Ya yi kyau, amma da na ajiye shi kusa da hoton sai raina bai kwanta ba. Nawa abin wasan yara ne, nasu kuwa kamar mai nauyin tan ɗari. Kwana biyu ina dubawa kafin na gano dalili: datti. Derek Meddings, wanda ya tsara jirgin kuma ya shugabanci masu ƙera ƙananan jiragen shirin a garin Slough, ba ya barin a ɗauki hoton abu yana sabo fil. Sai an ɓata shi, an sa masa baƙin hayaƙi da zirin mai, an zana layukan mahaɗar ƙarfe. Mutumin nan daga baya har lambar Oscar ya samu kan irin wannan aiki. Ka san hannu ba ya son ɓata abin da ya wahala a kai, na daɗe riƙe da fensir kafin na yi layin farko. Na daka gawayi, na shafa da auduga a bayan injuna da gindin fukafukai, na bi ta inda iska za ta ja hayaƙi. Ina ɗagowa na ga jirgi ya yi nauyi a ido. Ɗana ya shigo, ya tsaya shiru, can ya ce, "Baba, wannan ya sha tafiya."

Ƙafafun ne suka rage. Na yanko eriyar tsofaffin rediyo, tunda ita ma shigewa take cikin juna, amma biyu kawai na samu masu kauri ɗaya, kuma in na ɗora jirgin sai su zame ya durƙusa. Kai ne gwanin waya a cikinmu, kai ka yi wa motarmu sitiyarin da ke juya tayoyi. Ka duba hotunan da zan turo maka, ka faɗa mini dabarar da za ta riƙe su in sun miƙe. In kuma ka ga siraran bututun tagulla a shagunan can, ka riƙo mini huɗu in za ka taho. Na bar akwatin ba lamba a ƙofarsa, kai za ka rubuta.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
abokin ƙuruciyarka.