Amsa ga mai tambayar dalilin jinkirina kan gyaran haɗe rassa

Ɗan'uwa,

Ka tambaye ni a bainar jama'a: tunda gyaran da ka aiko ya ƙara wa haɗe rassa sauri a Git (manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, inda rassa su ne layukan aiki daban-daban da ake haɗewa daga baya), gwaje-gwaje kuma duk sun wuce lami lafiya, me nake jira ban sa hannu ba? Ga amsata, ita ma a fili.

Kuskure a wannan sashe ba ya ihu. In manhaja ta tsaya cak, kowa ya gani. Amma in haɗewa ta karkace, Git zai iya cewa babu karo, komai ya tafi daidai, alhali aikin wani ya salwanta ko ya sauka inda ba muhallinsa ba. Kafin a farga an ɗora wasu ayyukan a kai.

Dabararka ita ce a daina neman fayilolin da aka sauya wa suna matuƙar ɗaya reshen bai taɓa su ba. Tunanin yana da kyau, domin wannan nema, inda ake gwada fayil da fayil har a ga kamanninsu ya kai kashi 50 cikin 100, yana cin lokaci sosai. To amma duba nan. Reshe na farko ya kwashe jakar fayiloli gaba ɗaya ya ba ta sabon suna. Na biyu bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba, sai dai ya ƙara sabon fayil a tsohuwar jakar. Tun Git 2.18 na 2018 ake gane cewa jakar ce ta yi ƙaura, sabon fayil ɗin kuma ya kamata ya bi ta. Da me ake ganewa? Da sauye-sauyen sunan da kai ka tsallake. A gyaranka fayil ɗin zai zauna shi kaɗai a jakar da kowa ya tashi daga cikinta, ba tare da ko gargaɗi ba.

Sai rassan da suka haɗe juna ta ɓangarori biyu har suka sami tushe (wato kakan da suka yi tarayya a kansa a tarihi) fiye da ɗaya. A nan sai an fara haɗe tushen kafin a zo kan rassan. Ban ga gwajin da ya bi ta wannan hanya da gyaranka ba.

Ko Elijah Newren, da ya rubuta ort, tsarin haɗe rassa na Git, guntu-guntu ya riƙa aiko da aikinsa ana dubawa, kafin ort ya zama na yau da kullum a Git 2.34 a 2021.

Don haka ka raba gyaran, kowane guntu da bayanin dalilinsa. Ka rubuta gwaji kan misalin jakar nan. Sannan ka ɗauki ma'ajiyar Git mai dogon tarihi irin ta manhajar Linux, ka maimaita tsoffin haɗe-haɗenta da gyaranka da kuma ba shi, ka kwatanta sakamakon. Duk inda suka saɓa, turo min mu duba tare.

Naka,
Mai duba gyaran