A Raba Yara Rukuni-Rukuni, Sannan A Ba Su Abin Karantawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, ina roƙon fili in yi magana a kan yadda ake koyar da karatu a makarantunmu na firamare, sannan in miƙa wata buƙata da ta shafi jaridarka kai tsaye. Koyarwa na yi har na yi ritaya, kuma har yau maƙwabta kan turo mini 'ya'yansu zaure da yamma, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta bayan tagar aji ɗaya ko aji biyu da hantsi ya san muryar nan. Malama na tsaye gaban allo da tsumagiya tana nuna rubutu, ta faɗa, yara su amsa baki ɗaya har ginin ya ɗauka. Mai wucewa sai ya ce karatu ya kankama. Alhali waɗanda idonsu ke kan baƙin da ake nunawa ba su wuce 'yan layin gaba ba, sauran kuwa bakin na kusa da su suke bi. Ɗauko ɗaya daga can baya, ka rubuta masa kalmar da ba ta kan allo jiya, sai ya tsaya yana kallonka. Da yake yanzu da wuya a ce yaro ya maimaita aji, haka zai yi ta hawa har aji shida, yana iya rero shafi guda da ka, amma in aka miƙa masa takardar asibitin mahaifiyarsa sai dai a nemi wani. Ba mu kaɗai ba ne. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi.

An saba ɗora laifin a kan malamai. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, aka ce fiye da 21,000 sun faɗi, aka sallame su aka ɗauki sababbi. Ba zan tayar da waccan muhawara ba. Abin da nake cewa shi ne, a takarda an tsara malami ɗaya ga yara 35, a zahiri kuwa akwai azuzuwan da yara suka ninka haka sau biyu ko sau uku. Ko wa ka kawo, in ka tsayar da shi gaban wannan taro da darasi ɗaya, amshi zai koma yi, domin shi kaɗai ne abin da taro ke iya yi tare.

Maganin da na gani yana aiki shi ne a raba su. A keɓe awa ɗaya kullum, a manta da wane ɗan aji kaza ne, a gwada kowane yaro shi kaɗai, gwajin da bai wuce 'yan mintoci ba. Ya san haruffa? Yana haɗa gaɓa ta zama kalma? Yana karanta sakin layi? Yana karanta labari ya faɗi abin da ya ƙunsa? Inda ya cije, nan ne rukuninsa. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ce ta yi suna da wannan tsari, an kuma gwada shi da Hausa a jihohi irin su Borno da Kano. To amma ni abin da ke ba ni mamaki, a ce sai an je Indiya kafin Bazazzagi ya yarda da abin da ke ƙofar gidansa. A makarantar allo wa ya taɓa ganin an sa yara duka a wuri ɗaya? Kowa da allonsa. Mai babbaƙu yana gefe, mai farfaru yana gefe, wanda ya fara haɗɗatu yana nasa wuri, gardi yana biya wa ƙolo, kuma ba a wanke allo sai yaro ya iya abin da ke kai. A zaurukan ilimi na cikin birni, irin na Kona da Juma, kowane ɗalibi da littafinsa yake zuwa, ya ja baƙi malam na ji yana gyara masa, na kusa da shi suna amfana. Malami ɗaya ne, ɗalibai da yawa, amma babu wanda ke ɓuya a cikin muryar wani. Ban ce a kwaso komai ba, domin a boko fahimta ake nema tun daga farko, ba hadda ba. Tsarin zaman nake nufi.

Za a ce ina malaman da za su riƙe rukunan? Rukunin yara takwas ko goma ba ya bukatar mai digiri a kansa kowane minti. 'Yan aji biyar da shida da suka iya karatu za su iya zama da masu koyon haruffa, da kwalayen da aka yanka aka rubuta ba, be, bi, bo, bu, ko a rubuta a ƙasa da gawayi a gindin bishiya. Shi malami sai ya riƙa zagayawa, ya fi daɗewa wajen masu haɗa kalma, don a nan ne yara suka fi maƙalewa. Ga kuma ɗaliban koyon aikin malanta daga Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Ilimi ta Tarayya ta nan Zariya da ake turowa koyarwar gwaji kowace shekara. Sau da yawa akan damƙa musu aji sukutum, mai ajin ya tafi hutawa. Da rukuni biyu aka ba kowannensu, da su da yaran duk sun fi ƙaruwa.

Akwai inda abin ke lalacewa, kuma ya kamata a faɗa. In aka raba yara aka bar su wata da watanni ba a sake gwaji ba, rukunin ƙasa ya zama gidan zama, sai ka ji sauran yara sun laƙaba musu sunan daƙiƙai. Dole a riƙa sake gwadawa bayan 'yan makonni, wanda ya iya ya matsa gaba a gaban idon kowa. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da bai san haruffa ba, kada a zaunar da shi cikin 'yan shekara shida, kunya za ta kore shi daga makarantar gaba ɗaya. A haɗa shi da tsaransa. Sannan babban yaron da aka ba rukuni kada a ba shi bulala. Mun san halin monita.

Yaro ya iya haɗa baƙi, aiki bai ƙare ba. Karatu sai da yawan yi kafin harshe ya sake, har hankali ya bar kan haruffa ya koma kan ma'ana. A nan ƙungiyar karatu ta unguwa ke shigowa. Ba wani abu ba ne mai wuya: tabarma, zaure ko barandar makaranta, babba ɗaya mai haƙuri, yara kamar goma. Lokacin da ya fi dacewa a wajenmu shi ne Alhamis ko Juma'a da la'asar, ranakun da yawancin Islamiyyu ke hutu, don duk wanda ya sa zamansa ya ci karo da Islamiyya, shi kaɗai zai zauna. Kowa ya karanta sakin layi ɗaya a bayyane, sai a rufe littafi a yi hira. Me ya sa wane ya yi haka? Da ke ce, me za ki yi? Ba maki, ba duka. Na sha ganin yaron da ba ya buɗe baki a aji ya zage yana gardama a kan ko dila ya kyauta ko bai kyauta ba, har ya fizgi littafin ya nemo wurin da zai kafa hujja.

'Yan mata su ne aka fi bari a baya, saboda talla da aikin gida, kuma ba kowane uba ne zai bar 'yarsa ta je zauren wani ba. Nasu zaman a cikin gida ya kamata a yi shi. Matan aure nawa ne a Tudun Wada da Gyallesu da Sabon Gari ke karanta littattafan Hausa a waya dare da rana? Masu karatu ne ƙwararru, ba wanda ya taɓa neman taimakonsu. Ba kuwa sabon abu ba ne mata su koyar da mata a ƙasar Hausa, tun zamanin 'Yan Taru na Nana Asma'u ake yi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, kuma shi ya sa na rubuto maka, ban rubuta wa hukumar ilimi ba. Me yaran za su karanta? Magana Jari Ce dukiya ce, amma jimlolinsa sun yi wa ɗan koyo tsawo, sai wanda ƙafarsa ta riga ta tsaya. Littattafan kasuwa na manya ne. Na makaranta yawanci da Turanci suke, yaro na fama da haruffa yana fama da harshen da ba ya ji. Tsakanin ba, be, bi da Abubakar Imam akwai fili mai faɗi da ba kowa a ciki.

Abin takaicin, a garin nan aka fara cike irin wannan gurbi. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A Tudun Wada aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Da aka tashi Yaƙi da Jahilci, aka kafa hukumar adabi ta Arewa mai suna NORLA a 1954, ta yi ta fitar da ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, don dattijon da ya gama ajin yamma ya sami abin dubawa kada karatun ya zube. A 1966 kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, ya ɗora a kai. Mutanen wancan lokaci ba su raba koyar da karatu da samar da abin karantawa ba.

Roƙona shi ne ku ware wa yara rabin shafi kowane mako, da manyan haruffa, a kasa shi hawa uku: 'yan jimloli gajeru ga mai haɗa kalma, sakin layi ɗaya ga na tsakiya, da labarin da bai wuce kalma 200 ba ga wanda ya fara gudu, da tambayoyi biyu ko uku na hira a ƙarshe. Labaran su zama na abin da yaro ya sani, Dutsen Kufena, ganuwa, rafin Kubanni, mai rake a bakin kasuwa, ranar hawan salla. A kiyaye ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, don Allah, domin na lura ana yawan zubar da su a intanet. Babba zai cika da kansa, ɗan koyo kuwa abin da ya gani shi zai furta. Ku sa shafin a intanet yadda za a iya fitar da shi a takarda ɗaya a kowane shagon kwamfuta na Samaru ko PZ, ku kuma rubuta ƙarara cewa an yafe wa malamai da iyaye su yi hotonsa su raba. Ƙungiyar unguwa za ta iya yin adashen kuɗin takarda, a riƙa ɗinke shafukan, kafin shekara ta zagayo an sami littafi.

In kun amince, akwai tsofaffin malamai a nan da ke shirye su rubuto labaran farko. Za mu fara gwada kowanne a kan yaran zaure, wanda suka yi tuntuɓe a kansa mu gyara kafin ya iso teburinka.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin firamare,
Tudun Wada, Zariya.